Kayan Shayin Farin Gada

Duk wanda ya ce maka ɗan Jos ba ya jin sanyi, ka ce masa Rakiya ta ce ƙarya yake yi. Ni ma da bakina na sha yin wannan cika bakin, har ranar da aka buɗe ƙofar jirgi a wata ƙasa can gabashin Turai, iska ta ɗauke ni da mari, haƙorana suka shiga kaɗawa ba tare da sun nemi izinina ba.

Lokacin ina cikin 'yan wasan ƙwallon kwando mata na ƙasa, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa Jos. Mu biyu ne daga Filato, ni da Chundung. Tare muka tashi da ita a kasuwar Farin Gada, rumfar Innata ta karas da kabeji tana jingine da ta mamanta ta dankali. Da aka yi rikicin gari sai suka kwashe suka koma Daɗin Kowa, mamanta ba ta ƙara taka Farin Gada ba. Mu dai 'ya'yan muna haɗuwa a filin wasa, iyayen kuwa sai dai saƙon gaisuwa ta bakinmu. Chundung doguwa ce, in ta ɗaga hannu a ƙarƙashin kwando sai dai ki nemi wata hanyar. Amma wannan ƙatuwar, ki ba ta ƙwayar magani ɗaya ki ga abin mamaki, sai ta sha ruwa kofi guda ƙwayar tana nan kan harshenta.

A Afirka ana shakkarmu, wannan ba cika baki ba ne. Amma da mun haye teku sai a yi mana dukan kawo wuƙa, mu dawo gida kai a sunkuye. Shi ya sa da aka gayyace mu wannan gasar, kocinmu bai yi mana dogon wa'azi ba. Cewa ya yi, "Ban ce ku ɗauko kofi ba. Wasa ɗaya. Ku ci mini wasa ɗaya a ƙasar Turawa, a rubuta, ya zauna."

A Legas, kafin mu tashi, likitarmu ta tara mu. Dokta muke ce mata, mace ce mai kaushin baki amma ba ta da mugunta. Ta ce a can ana gwajin fitsari, duk wadda aka samu da wani magani a jikinta ta shiga uku, ta kuma jefa mu duka. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kaina ta ce, "Ke 'yar Jos, akwai magani a jakarki?"

Na ce babu. Kuma babu ɗin, a sanina. Abin da ke jakata ƙullin kayan shayi ne da Inna ta cusa mini, irin wanda kowane gida ke dakawa in sanyi ya shigo: citta, kanumfari, masoro, kimba. Wa zai kira wannan magani? Har faɗa muka yi da ita a kansa, ina cewa jakata ta cika, tana cewa in ban ɗauka ba kada in ce ita ta haife ni.

Zango na farko wani babban filin jirgi ne inda za mu sauya jirgi. Jirginmu ya makara, wanda za mu hau ya tafi ya bar mu. Muka yini a kan kujerun ƙarfe, 'yan mata dogaye an naɗe ƙafafu kamar tabarma. Shugaban tawaga ya shiga wannan ofis ya fita wancan, kowa na nuna masa gaba. Abinci kuwa sai wani busasshen burodi mai tauri da ganye a ciki. Wata 'yar wasanmu ta buɗe nata ta duba ta ce, "Rakiya, ga kabejin mamanki ya riga mu zuwa." Aka yi dariya, amma ni a take sai na tuno Inna tana yayyafa wa kayanta ruwa da sassafe.

Da aka samo mana wani jirgin muka isa, sai ga mu ga jakunkunan hannu kawai. Manyan kayan sun maƙale a baya, har da rigunan sanyin da aka ɗinka mana, har da akwatin magungunan Dokta. Ta ɗora hannu a ka. Mu kuma 'yan Jos aka juyo kanmu da tsiya, wai ai mu ba ruwanmu da riga, gida muka zo.

A wurin binciken kaya wani kare ya zo ya tsaya a kan jakata ya ƙi gaba. Jami'in ya ja ni gefe, ya zaro ƙullin Inna, ya kwance ledar da ta ɗaure da tsumman atamfa. Ya tambaye ni da yarensu, na amsa da Turanci, ba wanda ya ji wani. Koci yana daga nesa yana hararata kamar zai haɗiye ni. Mutumin ya kai hancinsa ya shaƙa. Wallahi atishawar da ya yi sai da hularsa ta goce. Abokan aikinsa suka fashe da dariya, shi kuma hawaye na zuba ya miƙo mini ƙullin yana yi mini alama da hannu in tafi. Na tafi ina murna. Da na san abin da na sani yanzu, da roƙonsa zan yi ya riƙe.

A waje wani mutum ya tare mu da murmushi, ya ce shi aka aiko ya kai mu masauki. Muka ɗuru a motarsa. Ya yi ta zagaye da mu, ƙarshe ya sauke mu a gaban wani gini, ya karɓi abin da ya karɓa a hannun shugaban tawaga, ya ja motarsa. Ashe ba masaukinmu ba ne, kuma ba wanda ya aiko shi. Motar gaskiya tana can filin jirgi tana nemanmu. Muka tsaya a bakin titi cikin rigunan atisaye, ƙanƙara na sauka a kanmu, mutane na wucewa suna kallonmu ba mai cewa uffan. Chundung ta cire ƙaramar rigar samanta ta yafa wa wata 'yar Fatakwal da ke kuka. Na ce, "Ke, kina hauka ne?"

Ta ce, "Bar ni. Ba mu ne 'yan Jos ba?"

Washegari Chundung ta tashi da mura, ƙirji ya toshe, murya ta dishe.

Wasanmu na farko aka yi mana abin da aka saba. Na biyu ma haka. Chundung tana shiga fili ba ta jimawa sai ta dafa gwiwa tana neman numfashi, Koci ya fitar da ita. Ba ita a ƙarƙashin kwando, Turawan nan sai shiga suke suna fita kamar gidan ubansu. Dokta kuma kullum tana hanyar filin jirgi neman akwatinta. Ta hana a sayi komai a kemis ɗin garin, don rubutun da ke jikin kwalayen ba ta iya karanta shi. Ta ce ruwan ɗumi da haƙuri, shi ke nan.

Ruwan ɗumin ma aiki ne. A masaukin akwai wata tsohuwa mai gyaran ɗakuna, gajeriya, kullum da ɗankwali ɗaure a haɓa. Ta ji tarin Chundung ta bango, ta shigo ta taɓa goshinta, ta yi ta magana da yarensu tana girgiza kai. Can sai ga ta da butar lantarki da safa mai kauri irin ta saƙar hannu. Na yi mata godiya da Hausa, ta amsa da nata yaren, kuma na rantse mun fahimci juna.

A nan na tuna da ƙullin Inna. Na dafa, ɗakin ya ɗauki ƙamshi, Chundung ta rufe ido ta ce, "Wayyo Farin Gada." Muka sha muna hawaye, rabi na yaji rabi na gida. Na kai wa sauran, kowa ta kurɓa sai ta furzar, wai mun zuba musu wuta. Ya zama mu biyu ke sha, safe da rana da yamma. Na ji ɗan ɗaci-ɗaci a ƙasan kofin, na ce kimba ce ta yi yawa. Kafin wasa na uku hancin Chundung ya buɗe, ƙirjin ya saki, har tana waƙar coci a banɗaki.

Wasa na ukun da masu masaukin baƙi ne, kuma shi ne na ƙarshe. Zauren ya cika maƙil, ana buga ganguna ana yi mana ihu. Ba zan ce na tuna komai ba. Na dai tuna Chundung ta koma Chundung, duk wadda ta taso da ƙwallo sai ta mayar mata da ita. Suna gaba muna binsu, mu wuce su kamo mu. Ana saura ƙiris a tashi suna gabanmu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙwallo tana hannuna. Mutum biyu suka rufe ni. Ban ga kwando ba, hannun Chundung kawai na gani a sama, na cilla mata. Ta karɓa, ta juya, ta saka. Aka busa.

Zauren ya yi tsit, mu kuwa muka haukace. Koci, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba, ya durƙusa a tsakiyar fili yana kuka. An ci wasa ɗaya a ƙasar Turawa.

Ko zufa ba mu share ba sai ga wata mata da kati rataye a wuya. Ta nuna lambar rigata, ta nuna ta Chundung. Gwaji. Ban ji komai ba, har tsokanar Chundung nake ina cewa yau za a ga ko ruwan da take sha yana fita. Muna tafiya a baranda Dokta ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Ba abin da kuka sha, ko?"

Chundung ta ce, "Ba komai, Dokta. Shayin Rakiya kawai."

Dokta ta tsaya cak. "Wane shayi?"

"Na gida. Shi ya warkar da ni ma."

"Ya warkar da ke? A kwana nawa?"

Ba ta jira amsa ba. Matar mai kati tana tsaye tana kallonmu, ba damar komawa baya. Muka shiga, muka ba da abin da aka ce mu bayar, aka rufe kwalabe a gabanmu.

A masauki Dokta ta ce in kawo ƙullin. Ta zuba kaɗan a tafin hannunta, ta je bakin taga tana bazawa da yatsa. Cikin jan garin akwai wasu fararen ɗigo-ɗigo. Ta lashi ɗaya, ta yamutsa fuska.

"Wannan ba citta ba ce. Rakiya, mene ne wannan?"

Na ce ban sani ba. Raina ya ɓaci, na ce uwata ba 'yar ƙwaya ba ce, mai kabeji ce, kowa ya san ta a Farin Gada.

Ta ce, "Ban zagi uwarki ba. Ki saurare ni. In aka samu abu a jikin mutum ɗaya, ita za a dakatar. In aka samu a jikin ku biyu, wasan nan da kuka ci za a goge shi kamar ba a yi ba. Ki nemo mini mamanki a waya."

A ƙasa ana ta rawa da waƙa, sauran ba su san komai ba. Abincin da aka kawo ko kallonsa ban yi ba.

Inna ba ta da waya. Akwai wani Ɗanlami mai lema a bakin kasuwa da ake kira ta wayarsa. Da safe tsohuwar nan ta raka mu wani shago inda ake buga waya ƙasashen waje. Na buga, ta ƙi shiga. Na sake, wata murya ta ce layi ya cushe. Chundung tana bayana tana cizon farce. Da wayar ta shiga, hayaniyar Farin Gada ce ta fara dukan kunnena, hon ɗin manyan motoci da ihun 'yan dako.

"Ɗanlami, Rakiya ce! Don girman Allah kira mini Inna, da gudu!"

"Kai, 'yar Turai! An ce kun ci, a rediyo muka ji! Oga, zo ka ji, Rakiya ce!"

"Ɗanlami, Inna!"

Na tsaya riƙe da waya ina jin kasuwarmu tana ci ba ni. Can na ji numfashinta.

"Rakiya? Lafiya? Jiya har rawa na yi a rumfa, tsofai-tsofai da ni."

"Inna, me kika zuba a kayan shayin nan?"

"Au, shi ne abin kira daga Turai? Citta ce, da kanumfari, da masoro..."

"Farin fa? Akwai wani fari a ciki."

Ta yi 'yar dariya irin ta wanda aka kama da abin alheri.

"To, tunda kin gani. Maman Chundung ce ta kawo."

Na juya na kalli Chundung. Na kara wayar a tsakanin kunnuwanmu.

Inna ta ce, "Ana jibi za ku tafi sai ga ta a rumfata. Rakiya, matar da tun rikici ba ta tako nan ba. Ta yafa gyale har ido don kada a gane ta. Muka rungume juna muka yi ta kuka a gaban masu ciniki. Ta ce 'yarta ƙirji gare ta, sanyi ba ya yi mata da daɗi. Ta sayo maganin mura a kemis, irin wanda take ba ta tun tana ƙarama, ta daka shi don kin san ƙawarki da ƙwaya. Sai aka ce mana a filin jirgi ƙwace magani suke yi. Na ce kawo nan, na juye a kayan shayin na gauraya, wa zai ƙwace citta? Ban faɗa miki ba don na san halinki, bari za ki yi a gida. Ya yi mata amfani dai ko?"

Chundung ce ta karɓi wayar.

"Ya yi, Inna. Na warke sarai. Mun gode."

Ta ajiye wayar, ta zauna a ƙasan shagon mutane, ta haɗa kai da gwiwa. Tsohuwar ta dafa kafaɗarta tana kallona, ni kuma ba ni da yaren da zan yi mata bayani.

Muka faɗa wa Dokta komai. Ta ce irin wannan maganin murar yana cikin abin da aka hana, ta rubuta bayani ta kai, amma kada mu sa rai, don su abin da ke cikin kwalba suke dubawa, ba abin da ke cikin zuciya ba. Koci bai zage mu ba. Da ma ya zage mu. Kallonmu kawai ya yi ya ce, "Wasa ɗaya na roƙa." Kayanmu da akwatin Dokta suka iso ranar da za mu taso.

A jirgi Chundung ta kama hannuna ta matse har na ji zafi.

"Rakiya, ko me zai faru, mamata ba za ta ji ba."

"In an tambaye mu fa? Mutane za su ce..."

"Su ce. Kin san abin da ta gani a hanyar nan lokacin rikici? Kuma ta sake bin ta saboda ni. In ta ji ita ce, ba za ta ƙara ɗaga kai ba."

Mun iso Jos ana yi mana barka, mu kuwa kowace gaisuwa kamar ana ɗora mana dutse. Makonni muka yi a haka. Duk sanda aka fara labarin wasanni a rediyo sai in kasa kunne. Ran da abin ya fito ina rumfar Inna ina taya ta ɓare kabeji. An samu a jikinmu mu biyu. An dakatar da mu, an soke wasan, an ba waɗanda muka cinye nasarar. Kafin la'asar duk Farin Gada ta ɗauka, waɗanda suka yi mini barka su ne ke nuna ni da baki, wai ashe 'yan ƙwaya ne.

Inna ta gane tun kafin in yi magana. Ta zauna a kan buhu. Da na faɗa mata roƙon Chundung sai ta share ido da bakin zane ta ce, "Ta yi gaskiya. Hannuna ne ya gauraya, ni zan ɗauka. Matar da ta ratso garin nan don 'yarta, ba a bakina za ta ji ba."

Bayan kwana biyu na hau mota zuwa Daɗin Kowa. Na tarar da Maman Chundung a tsakar gida tana tsince acca, ta rame. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Chundung tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Maman ta ajiye faifan, ta matso kusa da ni, ta riƙe hannuna da nata biyun.

"Rakiya, 'yata. Ke ba kya mini ƙarya tun kina ƙarama. Na kasa barci. Abin nan da ake faɗa a rediyo, ba garin da na kai wa mamanki ba ne, ko?"

Kafin in buɗe baki Chundung ta ce daga bakin ƙofa, "Haba Mama. Ai tun a filin jirgi aka ƙwace shi. Kare ne ya shinshino. Ko ɗanɗanawa ba mu yi ba. Abincinsu ne kawai, wa ya san abin da suke zubawa."

Maman ta kalle ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Karen ya shinshino, Mama."

Ta saki hannuna, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Sai kuma idonta ya ciko, ta juya wajen 'yarta.

"Wayyo. Ashe da murarki kika yi wasan nan, ba ko magani."

Ta share hawaye, ta ɗauki faifanta, ta ci gaba da tsintar acca. Can ta ɗago ta ce, "In an sake kiranku, ku faɗa mini da wuri. Wannan karon a cikin takalmi za mu ɓoye shi."

Ba a sake kiranmu ba. Amma ranar na ce mata, "To, Mama."